Tsofaffin 'yan littattafan jirgin ƙasa mai kwal, da roƙona ga dattawan reluwe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu, dan Allah Malam Edita ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wani abu da na san ba kasafai ake kawo irinsa shafin wasiƙu ba, don ba siyasa ba ce, ba kuma tsadar kayan masarufi ba. Maganar wasu tsofaffin 'yan littattafai ce na jirgin ƙasa mai kwal, irin wanda ake hura wa wuta kansa na tafiya da tururi, wanda Turawa suka ƙi bari ya mutu suka mayar da shi na yawon buɗe ido. Ina ganin akwai abin da ya shafe mu a ciki, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Littattafan nan ba wasu manya ba ne, sirara ne ƙwarai, an kama tsakiyarsu da 'yar waya guda biyu, ko a aljihun riga za ka cusa. Na same su ne wajen masu gwanjon littattafai, cikin tarin nan da ake zubewa a ƙasa a kan buhu, tsakanin tsofaffin littattafan lissafi da mujallun da ba mai tambayarsu. Galibinsu na shekarun 1950 zuwa 1970 ne, daga Birtaniya, sai kaɗan daga Amurka. Ƙungiyoyin da ke riƙe da layukan ne suka buga da kansu suna sayarwa a tagar yankan tikiti. In ka buɗa kusan tsarinsu ɗaya, taswirar layin a tsakiya, tarihinsa a taƙaice, hotuna baƙi da fari, sai jerin kawunan jirgi kowanne da sunansa da lambarsa da kamfanin da ya ƙera shi da shekarar, sai jadawalin tashi da isowa, a can ƙarshe kuma 'yar takardar da za ka cike ka yanke ka aika musu in kana son shiga ƙungiya ko ba da gudummawa. Wannan shafin na ƙarshe ni a wurina shi ne zuciyar littafin gaba ɗaya, zan dawo kansa.

Ga wanda bai san irin wannan jirgin ba, jirgi ne da ba don ya kai ka wata sabga kake shiga ba. Ka biya kuɗi, ka zauna, ya tafi da kai mil bakwai ko goma a hankali cikin duwatsu da ƙoramu, ka sauka ka sha shayi, ya juyo da kai inda ya ɗauke ka. Tafiyar ita ce abin sayarwa. Asalin haya jirgi guda don fita yawo kuwa tsohon abu ne, a ranar 5 ga Yuli 1841 wani mutum Thomas Cook ya kwashi mutane wajen 500 daga Leicester zuwa Loughborough, tafiyar mil 11, kan sule ɗaya zuwa da dawowa, kuma taron masu yaƙi da shan giya ya kai su. Da ya shirya tafiyar Liverpool a 1845 sai ya buga ɗan littafi ya raba wa fasinjoji don su san abin da za su gani a hanya. To ka ga tun farko tafiyar da takardar tare suka taso.

Wanda ya fi kama ni a cikinsu shi ne na wani layi a ƙasar Wels da ake kira Talyllyn. An shimfiɗa shi a 1865 don sauko da sileti, wato falalen dutsen nan da suke rufin ɗaki da shi, daga mahaƙar Bryn Eglwys zuwa garin Tywyn a bakin teku. Ɗan siririn dogo ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 3, tsawonsa bai fi mil bakwai da 'yan kai ba. Da kasuwar dutsen ta mutu, mai layin, Sir Henry Haydn Jones, ya ci gaba da tafiyar da shi duk da asara yake, ya ce muddin yana raye jirgin ba zai tsaya ba, kuma ya cika alkawari har ya rasu a 1950. A lokacin layin ya gama lalacewa, katakon dogo ya ruɓe, ciyawa ce ma ke riƙe da ƙarfen a wasu wuraren, kan jirgi guda biyu ne tun na farko kuma ɗaya ne kawai mai suna Dolgoch ke iya motsi. Ko wani mai hankali ka tambaya zai ce a kira masu sayen ƙarfe a huta. Sai wani injiniya marubuci Tom Rolt da abokansa suka kira taro a Birmingham cikin Oktoba 1950 suka ce su za su karɓa, su ba gwamnati ba, su ba attajirai ba, malaman makaranta ne da akawu da makanikai da 'yan fansho. Ranar 14 ga Mayu 1951 jirginsu na farko ya tashi, kuma shi ne layin dogo na farko a duniya da 'yan sa-kai suka ceto suka ci gaba da tafiyar da shi. A wannan shekarar suka sayo kawuna biyu daga wani layin maƙwabta da aka rufe, Corris, kan fam 25 kowanne.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi, mutanen nan ba su da gidan rediyo ko na talabijin nasu, balle intanet. Da me suka tara jama'a? Da 'yar takardar nan. Mutum ya zo hutu bakin teku da iyalinsa, ya shiga jirgin, ya sayi littafin da 'yan sulallansa, ya koma Manchester ko Landan ya karanta a gida, ya ga an rubuta cewa ana neman masu zuwa canza katakon dogo ranar Asabar da Lahadi, badi sai ga shi ya dawo da takalmin aiki da shebur. Aikin gayya ne sak, bambancin kawai masu gayyar ba 'yan gari ɗaya ba ne, takarda ce ta haɗa su. Kuɗin littafin ya sayi kwal da fenti, abin da ke ciki kuma ya kawo hannu. Ni ban ga wani babban kundin tarihi mai bango mai kauri da ya yi irin wannan aikin ba wallahi.

Na Ffestiniog kuma, wani layin sileti shi ma a Wels, labarinsa har ya fi ban mamaki. Shi tun 1836 aka buɗe shi, daga Blaenau Ffestiniog a kan dutse zuwa tashar ruwa ta Porthmadog, mil 13 da rabi, kuma da farko ba kan jirgi sam, an gina layin ne da gangara ta yadda taragun dutse za su sulalo da kansu har ƙasa, dawakai su hau wani tarago na musamman a baya a gangaro da su, in an sauke kaya sai su jawo taragun wofi zuwa sama. Sai 1863 aka kawo kawuna masu tururi. An rufe shi a 1946, 'yan sa-kai suka sake buɗe wani ɗan guntu a 1955, suna cikin murna sai aka gina madatsar ruwa ta wutar lantarki a Tanygrisiau ruwa ya shanye wani sashe na tsohuwar hanyar. To maimakon su haƙura sai suka ce za su fasa sabuwar hanya ta sama da ruwan, daga 1965 har 1978 suna fasa dutse, yawancinsu a ranakun hutu, har da wani wuri a Dduallt inda dogon ke zagayawa ya hau ta kan kansa don ya samu tudu, ba su kai Blaenau ba sai 1982. In ka jera littattafan layin na shekaru daban-daban ka duba taswirar tsakiya, da idonka za ka ga layin yana ƙara tsawo, inda wannan ya nuna da ɗigo-ɗigo a matsayin buri, na bayansa ya ja shi da baƙin layi an gama. Wannan kaɗai ya isa a adana su. Yau duka layukan biyu suna cikin yankin sileti da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2021.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta daina aiki da kwal a manyan layukanta cikin Agusta 1968, kawuna dubbai aka yanka. Amma wani mai sayen tsohon ƙarfe a garin Barry, Dai Woodham, ya sayi 297 ya jere a fili, ya ga yankan taragu ya fi sauƙi da saurin kuɗi sai ya bar kawunan sai wani jiƙon, kafin ya waiwaye su ƙungiyoyi sun yi ta zuwa suna saye ɗaya bayan ɗaya har 213 suka tsira. Ta yaya suka san wanne ne wanne, wane ne kaɗai ya rage a irinsa? Saboda tun 1942 wani matashin akawun reluwe Ian Allan ya fara buga 'yan littattafan jerin lambobin kawunan jirgi kan sule ɗaya, yara suna tsayawa bakin tasha suna ja wa wanda suka gani layi, yaran nan su ne suka girma suka je Barry da kuɗi a hannu. A Amurka ma haka, akwai Strasburg a Pennsylvania mai mil huɗu da rabi da masu sha'awa suka saya a 1958, akwai Cass a West Virginia na masu yankan katako da aka mayar na 'yan yawo a 1963, akwai Durango zuwa Silverton a Colorado mai mil 45 cikin kwazazzabai. Nasu littafin ya ɗan bambanta, kowace shekara ake fitar da guda mai jera layuka da yawa, kowanne shafi ɗaya, hoto, adireshi, ranakun aiki, kuɗin tikiti. In ka ɗauki na wata shekara ka gwada da na bayan shekara goma sai ka ga wasu sunayen sun ɓace, kuma sau da yawa shafin nan ɗaya shi ne abin da ya rage na shaidar an taɓa yin layin.

Yanzu ga inda abin ya zo kusa da gida. Akwai wani layin a Wels, Welshpool zuwa Llanfair, mil takwas, an buɗe 1903, an rufe 1956, 'yan sa-kai suka dawo da shi 1963. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6 ne, wanda ba kasafai ake samunsa a Birtaniya ba, don haka in suna neman kan jirgi ko tarago sai sun fita waje. Da Saliyo ta rufe layin dogonta a 1974, wanda shi ma faɗinsa ke nan, sai mutanen nan suka tara kuɗi suka sayo kan jirgi mai lamba 85, ƙirar kamfanin Hunslet na Leeds ta 1954, da taragun fasinja huɗu, aka ɗora a jirgin ruwa zuwa Birtaniya a 1975. Kan jirgin da ya yi aiki a Afirka ta Yamma ya koma yana jan 'yan yawon buɗe ido a tsakanin gonakin tumaki. Su ma mutanen Saliyo ba su bar komai ya tafi ba, sauran kayan da suka rage a tsohon garejin reluwe na Cline Town su ne aka buɗe gidan tarihi da su a 2005, har da taragon da aka ƙera don zuwan Sarauniyar Ingila a 1961.

To Malam Edita, ƙafa 2 da inci 6 ɗin nan shi ne daidai faɗin ƙaramin layinmu na Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda Turawa suka kira Bauchi Light Railway. Mil 143, an kai shi Rahama a 1912, ya isa Bukuru a 1914, don kwaso kuza daga tsaunukan Filato a haɗa da babban layin da ya iso Kano a 1911. Ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama, Jengre. Da babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja baya, aka rufe shi a 1957, wato shekara ɗaya kacal bayan rufe na Welshpool. Nasu yana nan yana tafiya, namu sai 'yan kawuna da taragun da aka ajiye kusa da gidan tarihi na Jos. Ka tambayi matashi a Soba ko Dutsen Wai ko ya san jirgi ya taɓa ratsa garinsu, da yawa za su ɗauka wasa kake. Wanda ya shiga jirgin nan yana ɗan shekara 10 a shekararsa ta ƙarshe yanzu yana dab da 80. Wannan lissafin shi ya hana ni yin shiru.

Ba ina cewa a tashi gobe a shimfiɗa dogo a hura kwal a Kudaru ba, na san halin da ake ciki, na san wani zai ce mutane na fama da abin sawa a baki da rashin tsaro a hanya kai kana zancen jirgin shaƙatawa. Gaskiyarsa. Wani kuma zai ce ai layukan nan ba don mu aka yi su ba, don kuza da gyaɗa da auduga da fata su isa teku ne, kuma da gumin talakawan da hakimai suka tara ala tilas aka haƙa su. Shi ma gaskiyarsa, kuma a nan ne ma nake da ƙorafi kan su littattafan Turawan, duk son da nake musu. Za su ba ka nauyin kan jirgi da girman ƙafarsa da ranar da aka canza masa tukunya, amma mutanen da suka fasa dutsen, waɗanda ƙurar sileti ta cinye wa huhu, sai ka ga layi biyu aka ba su ko ma babu. Alhali a yankin siletin nan na Wels ne aka yi yajin aikin mahaƙar Penrhyn daga 1900 zuwa 1903, ɗaya daga cikin mafi tsawo a tarihin Birtaniya. Ƙarfe suka so fiye da mutum. In za mu yi namu, kar mu kwaikwayi wannan, a sa leburan da ya ɗauki ƙasa a kwando, a sa mai hura wuta da ke tsaye gaban murhu daga Zariya har tsauni, a sa matan da ke tallan abinci a tasha, a sa yadda Sabon Gari da unguwannin reluwe suka tsiro, a faɗi abin yadda yake da daɗinsa da ɗacinsa.

Abin da nake roƙo ƙarami ne kuma bai buƙatar kasafin kuɗin kowa. Na farko dai kai Edita, dan Allah ko rabin shafi ne a wata, a ware wa tsofaffin ma'aikatan reluwe su ba da labari da bakinsu. Suna nan a Zariya da Kaduna da Kafanchan da Minna da Kano da Nguru da Ƙaura Namoda, direbobi da masu hura wuta da masu gadin tarago da masu duba dogo, waɗanda suka yi zamanin kwal ɗin Inugu kafin dizal ya karɓe, suka tuƙa manyan kawunan nan da aka raɗa wa sunayen koguna. Su suka san inda ake tsayawa shan ruwa, da hawan da sai an zuba yashi a kan dogo kafin ƙafa ta kama, da yadda ake gane direba daga busar jiniyarsa tun bai iso tasha ba. Wannan ilimin ba ya cikin fayil ɗin kowane ofis, yana cikin ƙirjinsu ne, kuma kullum sai mun ji an ce wane ya rasu.

Sai 'ya'yansu da jikokinsu. In mahaifinka ko kakanka ya yi reluwe, dan girman Allah ka buɗe tsohuwar akwatin ƙarfen nan kafin gara ta riga ka. Tsohon tikitin kwali, jadawalin jirgi, takardar ɗaukar aiki, littafin dokokin direba, hoton da aka ɗauka gaban kan jirgi, ko hula da maɓallin yunifom, kar ka ce tarkace ne, kar a ba mai ƙosai ta naɗe da shi. Ka ɗauki hoto da wayarka, ka tambayi tsohon ko tsohuwar da ke raye suna da shekara da wurin, ka rubuta a bayansa, don hoton da ba suna ba shekara rabin amfaninsa ya tafi. A Legas akwai masu irin wannan ƙoƙarin a gidan Jaekel da ke Ebute Metta inda aka tara hotuna da kayan reluwe na da, mu ma nan Arewa da dogo ya canza mana kasuwa da garuruwa ba mu rasa abin tarawa ba.

Sannan malamanmu da ɗaliban tarihi, musamman na jami'ar Ahmadu Bello tunda daga garinsu Zariya layin ya tashi, da na Jos inda ya ratsa kafin ya ƙare a Bukuru. Na san ana rubuta kundaye masu kyau da Turanci, amma suna kan kanta a laburare. Abin da nake so in gani ɗan littafi ne da Hausa, shafi 30 ko 40, mai araha, na layin Zariya zuwa Bukuru kaɗai, da taswira a tsakiya mai nuna kowace tasha da sunan da mutanen wurin ke kiranta, da hotunan abin da ya rage na gadoji da ginin tasha in akwai, da hirar dattawa uku ko huɗu, a sayar a gidan tarihi na Jos da tashoshin jirgi da shagunan littattafai na bakin kasuwa, a kuma sa shi a waya don masu karatu a waya. In wannan ya karɓu sai a yi na Baro zuwa Kano, a yi na Kano zuwa Nguru, a yi na Maiduguri da aka kammala a 1964. A shafin ƙarshe kuma a bar adireshin da mai hoto ko mai labari zai aiko da nasa, kamar yadda mutanen Talyllyn suka yi.

Ni dai nawa 'yan littattafan suna nan, duk wanda zai yi wannan aikin kuma yana son ganin yadda aka tsara su, ya nemi ni ta hannun jaridar nan in ba shi aro ya duba, har in taya shi zagayen ƙauyukan kan tsohon layin in Allah ya ba da iko. Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya jiƙan magabatanmu da suka yi aikin dogo.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Sabon Gari, Zariya